Ƙulli Biyu

Ƙarfe uku da kwata, Matosinhos na barci.
Teku kaɗai ke tari a bayan taga.
Na wanke hannu, na sa safar roba,
na ɗaure hannun Abílio a ƙarfen gado
kamar yadda takarda ta ce.

Shekara arba'in da ɗaya yana jan koma.
Tafin da igiyar jirgi ta ci har ta bar masa hanyoyi
yau ƙyallen auduga ya fi ƙarfinsa.
Ni na ƙulla.
Ƙulli biyu, don ɗaya yakan kwance.

Ran da aka kawo shi, tun yana da baki,
ya kama gefen rigata ya ce,
"Idalina, in ruwa ya kai wuya ku sake ni.
Kifin da ya fito tudu ba a ja masa rai."
Na ce to.
Wannan to ɗin ba inda aka rubuta shi.
Ba sa hannu, ba hatimi,
shaidarmu ɗaya ce, ledar ruwan da ke ɗiga.

Ɗansa Telmo yana Luxembourg yana kwaɓa siminti.
In ya tashi aiki yakan kira, murya na rawa:
"Ku yi duk abin da za ku iya.
Ina tafe ƙarshen wata."
Wata uku ke nan ƙarshen watan bai zo ba.
Na nemi laifinsa ban samu ba.
Da na samu, da na yi barci.

Likita Varela ta ɗaga hoton huhu,
ta daɗe tana kallon abin da ta riga ta gani.
Abin da na sani ta sani.
Ta ce, "Iyali ba su amince ba. A ci gaba."
Ta sa hannu, ta manta bironta a teburina.

Sai in zura roba a maƙogwaronsa in zuƙe majina.
Jiki ya banƙare, gado ya yi ƙara,
idanunsa su lalubo nawa ta saman takunkumi.
Ba ya zagi. Ina ma ya zaga.
Kallon wanda ya ba ka ajiya ne,
ya dawo ya same ka da ita a bakin kasuwa.

A makaranta an koya mana juya mai jinya
kada bayansa ya yi gyambo,
an koya mana neman jijiya a hannun jinjiri.
Ba malamin da ya ce ga inda za ki ajiye kanki
ran da aikinki ya yi daidai
ke kuma kin san ba daidai kika yi ba.

Da safe nakan bi ta layin masu gasa kifi,
ana share tokar jiya, tsuntsayen teku na faɗa kan ƙaya.
Mijina ya ce ya aiki, in ce lafiya.
Shekaranjiya 'yata ta miƙo ƙafa,
"Mama, ɗaura min takalmi."
Na durƙusa, na ƙulla ɗaya, na ƙulla na biyu,
na kasa tashi.
Ta ce, "Kin matse da yawa."

Daren jiya, da abokiyar aikina ta fita shan kofi,
na kwance masa hannun dama.
Na ce ko minti goma ne, ya ji iska.
Na zaci zai riƙe nawa.
Hannun ya tashi a hankali, yana rawa,
ya wuce ni,
ya nufi robar da ke bakinsa.

Na tare shi.
Ni, da yatsuna biyar, ba ƙyalle, ba takarda.
Ya ja, na riƙe.
Ashe har yanzu akwai sauran teku a damtsen nan.
Muka tsaya haka, injin yana hura masa numfashi,
har ya gaji kafin in gaji.

Na mayar da ƙyallen. Ƙulli biyu.
Na zauna, na ɗauki biron Varela,
a layin ƙarfe huɗu na rubuta:
babu canji.