Maƙwabcina Na Ƙarƙashin Indararo

Shekara arba'in ina kankare bangon nan,
ashe gidan wani nake rushewa.

Tsahara jikata ce ta zo da reza
wata Laraba a tsakiyar bazara,
ta durƙusa ƙarƙashin indararo,
ta kankaro busasshiyar gansakuka,
ta ƙunshe a takarda kamar yajin dala biyar.
Na ce, "Karatun naku ya kai ga shara?"
Ta ce, "Iya, gobe ki ɗaura sabon zane."

Kabu-kabu ya kwashe mu daga Bagalam,
ina riƙe da rigar yaron kamar zan yaga.
A jami'a ɗakin sanyi ƙalau,
kwalabe jere, babu wanda ya ce in zauna.
Ta jiƙa ƙurar tun daren jiya.
Ta ce in rufe ido ɗaya, in leƙa madubin.

Da fari hazo.
Sai wani ɗan dunƙule, ya yamutse,
kamar kuɓewar da aka manta a kan rufi.
Na ce, "Wannan ai mushe ne."
Ta ce, "Jira."

Na iya jira. Shi kaɗai na gada.

Sai ya kumbura.
Ƙafa ta fito, ta taɓa ruwa, ta yi shawara.
Wata ta biyo.
Na ƙirga da yatsun da nake tsinkar zogale:
takwas, kowace da ƴan faratanta.
Ya miƙe yana rangaji,
tafiyar attajirin da ya ƙoshi da tuwon biki,
shi da ko ƙwayar gero ta fi shi sau nawa.

Tardigirad, in ji ta. Harshena ya ƙi.
Na sa masa Ɗan Jinkiri.

Ta ce an sa danginsa a ƙanƙara, sun tashi.
An gasa su, sun tashi.
An kai su can sama inda babu iskar shaƙa,
sun dawo sun yi ƙwai.
In ruwa ya ƙare ba ya kuka, ba ya ƙaura,
sai ya janye ƙafafu, ya naɗe kansa kamar tabarma,
ya rufe rai ya ajiye mabuɗi
har shekaru.

Na ce, ai na san irinsa.
Gulbin Maraɗi ma haka yake yi:
wata takwas yashi, amalanke na bi ta cikinsa,
dare ɗaya ya farka ya cinye gonar mutum.

Malaminsu, mai farar riga, ya yi dariya.
"Hajiya, da za a ba ki wannan baiwa, kina so?"

Ban amsa ba sai da muka fito rana.

Shekarar da rumbu ya zama ɗakin ɓera,
da na naɗe kaina na yi barci,
wa zai daka dussa ya yaudari cikin yara?
Wa zai wanke Lawali, ya rufe masa ido?
Ɗan Jinkiri yana tsallake fari,
ni kuwa ta tsakiyarsa na bi,
da ƙafa biyu, babu takalmi.
Shi ya farka bai san an yi rashi ba.
Ni na san sunan kowa.

Ba gori nake masa ba.
Kowa da irin igiyar da aka ba shi ta jan ruwa.

Yanzu in hadari ya haɗo daga gabas,
indararo ya fara waƙarsa,
nakan ja kujera bakin ƙofa
in dubi koren da ke hawa bangon.
Tsintsiya tana jingine, na bar ta.
Maƙwabta na cewa tsufa ya sa ni ƙazanta.

Su faɗa.
Akwai masu tashi daga barci a wurin,
kuma ba a yi wa baƙo shara yana miƙa.