Takarda a Cikin Hula

Daga Agege zuwa Idi-Araba
awa biyu muka ci a gosulo,
jiniya na kuka, danfo bai kula ba,
ruwan Ikko na dukan gilashi.

Baba Tanimu mai goro
yana jan numfashi kamar mai jan guga
a rijiyar da ta kusa ƙafewa.

A sashen gaggawa
likita Adebimpe ta ɗauko bututu,
ta ce, "Minti biyu gare mu."

Sai hularsa ta faɗi.
A ciki akwai takarda,
ninki huɗu, gumi ya rina gefenta,
boko a sama, ajami a ƙasa,
da sa hannun shaidu biyu:

"In zuciyata ta tsaya, a bar ta.
Kada a danne mini ƙirji,
kada inji ya yi numfashi a madadina.
A rage mini zafi.
A juya ni gabas."

Lantana ta ce, "Yaga ta, Sagir!
Wa ya gani?"
Likita ta gani. Ni ma na gani.
Hannunsa ne, har da mim ɗin nan
da yake ja wa jela
a littafin bashi.

Aka mayar da bututu faranti.
Aka yi masa allura, aka murɗa gado
har ya fuskanci alƙibla.

Na jiƙa auduga, na shafa leɓensa.
Lantana ta riƙe ƙafarsa, tana fushi da ni.
Har yau ba ta huce ba.
Hular na wurinta,
takardar na wurina.