Tsintsiyar Tasi'u

Shekara goma sha tara ina riƙe da biro
a kotun majistare, nan cikin Jos.
Sunaye na shigowa, ni in zuba su a layi
kamar mai awo na zuba dawa a buhu.
Wasu sau ɗaya nake ganinsu.
Tasi'u kuwa, hannuna ya haddace shi.

Karon farko batirin babur.
Na biyu madubin mota a titin Bauchi.
Na uku ya yanke wayar wuta a Gangare,
unguwa ta kwana uku a duhu, har da ɗakin uwarsa.
Na huɗu na manta. Na biyar kaza ce,
kaza ɗaya, baƙa, ko ƙwai ba ta fara ba.
Wata uku, wata shida, wata uku.
Ya shiga gidan yari ɓarawon kaza,
ya fito ya iya buɗe kwaɗo da allura.

Ran Talata aka sake kawo shi,
sanyi na cizo, rigarsa duk huda,
idanu jawur, hannu na rawa.
Har na ja layi zan rubuta wata shida,
sai Mai Shari'a Kangyang ta cire tabarau:
"Tasi'u, me kake sha?"
Ba a taɓa yi masa wannan tambaya a ɗakin nan ba.
Ya dubi ƙasa. Ya ce maganin tari. Ya ce ƙwaya.
Ya ce tun da ramin kuza ya rufta da babansa.

Ta ce, "Na gaji da tura ka inda ake ƙara maka karatu.
Kwana casa'in za ka share kasuwar Farin Gada
daga asuba zuwa hantsi.
Laraba ka je asibiti wurin Malama Rifkatu,
ka yi magana ko ka yi shiru, amma ka je.
Da yamma Dilimi, rumfar Malam Shitu mai walda."
Ɗan sanda ya yi tsaki. Ni ma na yi, a zuci.
Hali zanen dutse, in ji ni.
Takardata ba ta da gurbin irin wannan hukunci,
sai na maƙala shi a gefe da ƙananan baƙaƙe.

Wata Asabar na je sayen kabeji,
na hango shi tsakanin kwandunan tumatir,
ya sunkuya yana tara ruɓaɓɓen ganye.
Wata mai karas ta ja jakarta ta matse a hammata.
Ya gani.
Ya ci gaba da shara.

Kwana na talatin da ɗaya bai zo ba.
Na ce to, an zo wurin, na ciro fayil.
A ƙarƙashin gada aka same shi, ya koma ruwa.
Malama Rifkatu ba ta kira motar 'yan sanda ba.
Ta zauna a kan dutse har ya farfaɗo,
ta saya masa shayi da burodi,
ta rubuto wa kotu gaskiya, ba ragi.
Aka ƙara masa kwana goma.
Ya ɗauki tsintsiyarsa.

Ban ce ya warke ba.
Na daɗe a nan, ba na rantsuwa a kan kowa.
Amma jiya aka dawo da bencin masu jiran shari'a,
wanda ƙafarsa ta karye tun bara.
Waldar mummuna ce, kamar tabon ƙuna.
Masinja ya ce yaron Malam Shitu ne ya yi,
ya ce ya san bencin, ya san inda yake girgiɗi.
Na zauna a kai da dukan nauyina.
Ya riƙe.

Fayil ɗinsa na can saman kabad,
gizo-gizo ya fara yi masa rumfa.
Wata bakwai ke nan hannuna bai rubuta shi ba.
Ɗazu na gwada a bayan wata ambulan,
biro ya tsaya a tsakiyar sunan,
sai da na yi tunani kafin in ƙarasa.