Matakala ta Ɗari da Sha Ɗaya

Shekara ashirin da uku ina raba wasiƙu a Balparaiso,
garin da aka rataya a jikin tsaunuka kamar shanya,
inda rabin hanyoyi matakala ne,
teku yana can ƙasa yana ƙirga jiragensa.
Ban taɓa gaida idon sawuna ba.
Wa ke gaida ma'aikacin da bai taɓa fashi ba?

Ran Talata yayyafi ya wanke duwatsu,
wani jan kare na barci a matakala ta ɗari da sha ɗaya.
Na ce bari in tsallake shi, kada in tashe shi.
Ƙafa ta sauka a gefenta, tafin ya leƙa ciki,
na ji ɗas, kamar an tsinke zaren buhu.
Wasiƙu suka riga ni gangarawa.
Karen ko kunne bai ɗaga ba.

Kafin tsohuwa Eduvigis ta sauko da kujera
sawun ya cika takalmi, yana neman ƙari.
"A kira mai ɗori ya ja," in ji ta, "a gasa da ruwan zafi."
Jikanta bai tanka ba, ya goya ni sai asibitin unguwa.

Nas ɗin, Baltasar Huenchul, ba ya gaggawa.
Ya danna bayan ƙashin waje, yana karanta fuskata.
Ya danna na ciki. Ya danna gefen tafi.
"Nan?" A'a. "Nan fa?" A'a.
Da ya sa yatsa a taushin da ke gaban ƙashin
sai da na kira uwata da ke kabari.
"Taku huɗu," ya ce.
Na yi su, da ɗingishi, da zagi a zuci.

"Targaɗe ne, Herminia, ba karaya ba.
Da kin kasa takun nan, ko ƙashin ne ya yi kuka, da sai an ɗauki hoto.
Igiyoyi uku ke ɗaure ƙashi da ƙashi ta waje.
Ta gaba ce ta sha ja,
ta ɗan ɓarke, ba ta rabu ba."

Kwana biyu ƙafata ta fi zuciyata matsayi,
tana bisa matashi uku, ni ina ƙasa.
Ƙanƙara a cikin tawul, minti goma sha biyar, a ɗauke,
da ta ƙare na ɗora ledar daskararriyar masara.
Bandeji daga gindin yatsu zuwa ƙwauri,
in yatsu sun yi sanyi, a sassauta.
Ba gashi, ba murza,
ba kofin inabin da Eduvigis ta ɓoyo a zane.

Sawun ya yi baƙi, ya koma shunayya,
ya yi kore, ya yi rawaya,
duk launin gidajen tsauninmu sai da ya ara.

A rana ta huɗu Baltasar ya ƙwace mini kwanciya.
"Hutu magani ne, in ya daɗe ya zama ciwo.
Ki rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa."
Ni da na san adireshi ɗari shida a ka?
Na rubuta su, gida gida,
har na matattu da waɗanda suka tashi.

Sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya kafin buta ta tafasa,
sannan haka nan, ido rufe, hannu kusa da bango.
"Sawu ya manta inda ƙasa take," in ji shi.
"Zafi zai riga rauni tafiya, nan ake ruɗuwa.
In ba ki tuna masa ba, zai sake kayar da ke."

Mako na shida na ɗaura takalmi mai wuya,
na saɓa jaka, na hau, ina ƙirgawa.
Ɗari da tara. Ɗari da goma.
Yana nan, ya miƙe ƙafafu, rana na dukan cikinsa.
Na tsaya. Na ce, "Malam, tashi."
Ya yi hamma, ya ɗauki lokacinsa.
Na jira.