Kwanso na Arba'in da Bakwai

Tun kafin zakarun Ƙofar Marusa su gyara murya
Sajan Barmo ya buɗe ɗakin makamai.
Ba ya amsa gaisuwa a nan ciki.
Ya ce magana ma tana da nauyi,
sikelinsa kuwa ba ya son abokin awo.

Ni aikina goge kwanso,
in jera su a faranti, baki sama,
kamar 'yan tsaki masu jiran tsaba.

Injin na kafe a bakin benci,
kore ne a da, gumin tafin Sajan ya cinye fentin.
Ja ɗaya, aiki huɗu:
wannan a matse masa ƙugu,
wancan a dasa masa ƙyastu a gindi,
na gaba ya sha albarushi,
na ƙarshe a kafa masa hular dalma
ya faɗo kwano, ƙwal!
Faifai ya juya, kowa ya gaji gidan wani
kamar 'ya'yan dara a gurbi.

In an yi goma sai ya tsaya,
ya juye cikin ɗaya a sikeli, ya kanne ido.
"Ƙwaya guda a nan," in ji shi,
"taki guda ce a can, kan allo."

Hannun nan da ke ɓarar da shayi a gaban riga,
hannun da ya raba shi da kunamar bindiga
shekara tara ke nan,
da ya kama mariƙin sai ya kwanta lamo,
kamar jinjirin da ya ji bayan uwarsa.

Muna kan na arba'in da bakwai
wata tsaka ta faɗo daga rufi, tim, kan benci.
Ya dube ta. Ƙiftawa ɗaya.
Da ya dawo da ido
hannunsa na tsakiyar hanya.

"Tanimu, na ja ko ban ja ba?"
Na ce ban gani ba, ranka ya daɗe.

Na ce a girgiza su a kunne.
Ya ce kunne ba sikeli ba ne.
Na ce ai ɗaya ne kawai.
Ya ce, "Wanne?
Da kuncina ne, da na yi kasada.
Kofur Hajo ce za ta kwantar da nata
a jikin itacen nan jibi,
ita kuwa ba ta ga tsaka ba."

Muka kwance su duka.
Ɗaya bayan ɗaya, hula a cire, ciki a juye,
har masu ƙosai na Rafindadi suka kwashe kasko,
har rana ta leƙo ta ƙarƙashin ƙofa.
Babu mai yunwa a cikinsu.
Babu wanda ya ci rabon biyu.
Na arba'in da bakwai ma daidai yake, cif.

Bai ce komai ba.
Ya hura sikeli, ya miƙo mini tsumma.

Ranar gasa, a fili bayan gari,
Hajo ta kwanta rub da ciki, ta riƙe numfashi.
Biyar ta saki.
Da aka kawo allon
murfin kwalba ya rufe hujin biyar ɗin.
Lasifika ta kira sunanta har sau uku,
aka ɗaga ta sama, takalminta ɗaya ya faɗi.

Sajan yana can gindin bedi, a tsugune,
yana tsince kwanso da sauran ɗuminsu
yana zubawa a hularsa.
Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa.

"Saura ɗaya," ya ce.

Motoci suka tafi da kofi da masu tafi.
Mu muna cikin ciyawa, muna laluben ƙasa,
har aka kira magariba.