Eriyar Barau

Ni ne maigadin gidan nan tun yana hawa ɗaya,
a bayan layin dogo, Agege,
inda jirgi ke girgiza allurar faifai
har mawaƙi ya yi tuntuɓe a tsakiyar baiti.

Barau dillalin shanu ne ya kafa shi.
Wani ma'aikacin jirgin ruwa a Apapa
ya riƙe masa kuɗin bijimai biyu,
ya biya da akwatin fayafayai:
Turawa masu faffaɗar malafa
suna kukan gida da garaya mai tsirkiya shida.
Barau ba ya jin ko kalma ɗaya,
amma ya ce, "Wannan makiyayi ne, na ji a maƙogwaronsa,
shi ma ya baro garinsu ya zo wata Ikkon."
Ya sayar da tirela, ya dasa eriya.

Muryarmu ba ta wuce Abule Egba,
in ana ruwa ko Mangoro ba ta kaiwa.
Duk da haka mahautan Oko-Oba da asuba,
direbobin da suka kwana uku a hanya daga Potiskum,
masu goro, masu gyaran takalmi,
kowa ya rataye rediyonsa a ƙusa.

Da Barau ya rasu aka zauna rabon gado.
Lasisi ya faɗa wa Tanimu,
janareta ya faɗa wa Ladidi,
eriya kuwa aka ce ba ta rabuwa.
Wata bakwai muna shiru.

Iya Risikatu mai shagon siminti ta saye duka.
Ta cusa tallar maganin basir tsakanin waƙa da waƙa,
tana biyan albashi ran ashirin da takwas, ba fashi.
Ban taɓa ganin tana saurare ba
sai ranar da ɗanta ya tafi Kanada,
na same ta a mota, gilashi a rufe, tasharmu a kunne.

Banki ya karɓe daga hannunta.
Daga banki sai wani kamfani a Ikoyi,
sunansa harafi uku, ba fuska.
Takardarsu ke zuwa, su ba sa zuwa.
Sun sallami Inuwa mai gabatarwa,
wanda ke fassara waƙa yadda ya ga dama,
kowace mace a bakinsa Hanne ce, kowane gari Gumel.
Yanzu kwamfuta ke zaɓe. Ba ta miƙa gaisuwa,
ba ta san wa aka yi wa haihuwa a Zango ba.

Jiya wani yaro da biro a kunne
ya ce, "Baba, wa ke da gidan nan?"
Na nuna masa allon ƙofa,
fenti kan fenti, suna uku a binne,
in rana ta karkata B ɗin Barau na leƙowa.

Akwatin fayafayan na ƙarƙashin gadona.
Bai shiga lissafin magada ba, bai shiga na banki ba.
Ba ni da abin kunna su,
ina dai goge musu fumfunar damina ran Juma'a.