Cunkoso a Jijiya

A asibitin Ketu, malamar jinya
ta ɗaure mini dantse,
ta matsa, ta saki, ta yi shiru.
"Ɗari da saba'in bisa ɗari, Malam Talle."

Na ce ƙalau nake,
jiya buhun albasa arba'in na sauke.

Ta ce, "Ka san gadar Eko da yamma?
Hanya ta tsuke, motoci na turo juna.
Haka jininka yake,
sai dai shi ba ya danna hon."

Sai na tuna Barau,
bara yana ƙirga canji bakinsa ya karkace,
hannun dama ya daina amsa kira.

Yanzu ƙwaya ɗaya bayan asuba.
Lantana ta rage gishiri,
miya ta yi lami.
Ina sha ina mita,
ina dai sha.